Darasi na Bakwai: Kula da Akwatin Kyamara a Lokacin Nutso

Mai nutso da tukunyar iska, idan yana son ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku, yakan saka kyamararsa cikin wani akwati na musamman wanda ruwa ba ya shiga. Ruwa yana da nauyi ƙwarai: a zurfin mita 10 matsin da ke kan akwatin ya ninka na bakin teku sau biyu, a mita 30 kuwa ya kai sau huɗu. Abin da ke tare wannan ruwa duka shi ne wani siririn zoben roba da ke kewaye da bakin murfin, saboda haka a kansa ya kamata hankalinka ya fi tsayawa.

Kafin ka fita, cire zoben da yatsa ko gefen katin roba, kada ka sa wuƙa ko allura. Goge shi da kyalle mai tsabta marar zare, ka goge kwarin da yake zama, sannan ka ɗaga shi wajen haske ka duba, domin silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Shafa masa man silikon kaɗan, daidai yadda zai yi sheƙi. Mai da yawa ba ya ƙara kariya, yashi kawai yake kamawa, kuma mutane da yawa a nan suke kuskure. Rufe akwatin a ɗaki mai sanyi marar laima, da ƙunshin hatsin silika (ƙananan ƙwayoyi masu shanye laima) a ciki, don kada gilashin ya yi gumi. Idan akwatin sabo ne, fara nutsa shi ba kyamara, da busasshiyar takarda a ciki wadda za ta nuna maka ko ya yi yoyo.

Kada ka yi tsalle cikin ruwa da shi a hannu. Shiga tukuna, a miƙo maka daga jirgi, ka ɗaura igiyarsa a jikinka. In ka ga ɗigon ruwa a ciki, juya idon kyamarar ƙasa, ka yi wa abokin nutsonka alama, ku hau a hankali kamar kullum, gama hawan gaggawa yana iya jawo maka mummunar cuta.

Bayan fitowa, jiƙa shi cikin ruwan daɗi, kana danna kowane maɓalli don gishiri ya fita, ka ajiye shi a inuwa, kuma kada ka buɗe murfin sai shi da hannuwanka sun bushe sarai.