Yadda Nake Feɗe Babbar Lamba: Misalin 86,400

Duk sanda na rubuta 86,400 a allo, sai ajin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Alhali daƙiƙoƙin da ke cikin kwana ɗaya ne: awa 24, kowace minti 60, kowane minti daƙiƙa 60. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne kada su tunkari babbar lamba gaba ɗaya. A feɗe ta gaɓa-gaɓa, kamar ragon layya.

Fara da wutsiya. Sifili biyu ne a ƙarshe, wato 864 sau 100 ke nan. Ajiye ɗarin a gefe. Tara 8 da 6 da 4, ka samu 18. Tunda 9 tana raba 18, to tana raba 864, amsa 96. Ita kuma 96 ai 32 ce sau 3. Ci gaba da tsagawa har ka kai ga lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu, waɗanda nake kira tubala. Idan ka dawo da ɗarin nan, za ka tarar da 2 guda bakwai, 3 guda uku, 5 guda biyu.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Kana son sanin lambobi nawa ne ke raba ta ba saura? Ƙara ɗaya a kan kowane adadi, ka ninka: 8 sau 4 sau 3, wato 96. Yara kan manta da ɗayan nan, ni ma na sha mantawa ina ɗalibi. Dalilinsa shi ne, wajen gina mai rabawa kana iya ɗaukar 2 sau ɗaya har zuwa sau bakwai, kana kuma iya ƙin ɗauka sam, zaɓi takwas ke nan. Wannan yalwar ce ta sa kwana yake rabuwa gida uku, gida takwas ko gida goma salin-alin, albarkacin ƙidayar sittin-sittin da aka gada daga mutanen Babila. Amma gwada 7, saura 6 zai fito.

Sai jimillar duk lambobin da ke raba ta. Tara 1, 2, 4 har 128, ka samu 255. Tara 1, 3, 9, 27, ka samu 40. Sannan 1, 5, 25 su ba ka 31. Ninka ukun: 316,200. Cire ita kanta lambar, saura 229,800, ya ninka ta fiye da sau biyu. Masanan Girka na da suna kiran irin wannan mai yalwa. Da jimillar ta zo daidai da lambar, kamar yadda take a 6 da 28, da kammalalliya ce.

Idan ka gamu da maƙwabciyarta da ta ƙi tsaguwa, kada ka wahalar da kanka da gwada dubban lambobi. Tubalan da ba su wuce 293 ba kawai za ka gwada, domin 294 sau 294 ta riga ta zarce 86,400.