Yadda ake ɗaure gaɓar gulbi da saiwar jema

Mai gona ko lambu a bakin Gulbin Maradi, daga Madarunfa har Tibiri, ya san yadda gaɓa ke ci. Ruwan Agusta ya rarake ta daga ƙasa, sama ta tsage, a wayi gari kunya biyar ta rufta da geronta. Rairayi ne, sai saiwa ta riƙe shi, kuma a wannan aiki babu kamar ciyawar jema. Saiwarta ba ta bazuwa gefe, nutsawa take yi, takan kai mita 2, ta saƙe kamar raga.

Amma kada a dasa a gaɓar da ta tsaya cak kamar katanga, asarar iri ce. A fara kwantar da ita da shebur: kowace mita 1 ta tsayi a ba ta mita 2 na gangare. A gindi, inda ruwa ke bugu, a jera duwatsu ko buhunan ƙasa, don sabon dashe ba ya iya wa ruwan farko.

A tono tushen jema, a rarraba, kowane yanki da tsiro 2 ko 3. A datse ganye ya rage santimita 20, saiwa santimita 10, a dasa a ranar. A ja kwari mai zurfin santimita 15 yana bin tsawon gaɓar, a zuba ruɓaɓɓen taki kaɗan, a jera yankuna da tazarar faɗin tafin hannu, a danne da ƙafa. Layin mita 10 zai ci yanki 70 zuwa 100. A nan ne mutane ke yin rowa, su buɗa tazara don iri ya kai, alhali duk giɓin da aka bari nan ruwa zai tattaru ya haƙa kwazazzabo. Tsakanin layi da layi mita 1.

Layukan sama a dasa su da zarar damina ta zauna. Na ƙasa gara a jira ruwa ya janye a Oktoba, a riƙa ban ruwa kullum har mako 2, sannan a rage.

Dabbobi masu gangarowa mashaya su ne babbar matsala: su tsige dashen, su tattake layi. A kewaye da ƙaya, a bar musu hanya guda. In za a dasa bagaruwa ko kalgo, a ja da su baya, kamar mita 3 daga baki. Jema ba ta son inuwa, kuma babban icce a kan gaɓa, idan ruwa ya rarake gindinsa, da ƙasar yake faɗuwa.