In likita ya turo ka hoton zuciya, ga yadda za ka shirya

Bara ƙanwata ta haihu, sati biyar da haihuwa ƙafafunta sunka kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara sai an jera mata matasai uku, mu ko muna ta cewa ai jego ne, har sati biyu munka ɓata muna sayen magani a kemis. Ranar da munka kai ta asibiti likita na aza mata abin awo a ƙirji yac ce a tahi a yi isiji da eko. Tun sannan duk wanda anka rubuta ma hoton ga cikin dangi ni ake kira, shi yasa nac ce bari in rubuta shi wuri guda.

Gwaji biyu ne daban, kar a haɗa su. Isiji shi ne na wayoyi, guda 10 ake manna ma, shida a ƙirji huɗu a hannuwa da ƙafafu, yana zana yadda zuciya ke bugawa a takarda, minti biyar an gama kuma wallahi ba ya ja, tsofaffinmu da sun ga waya sai hankali ya tashi. Eko kuwa irin sikanin ɗin masu ciki ne, da sauti yake aiki ba irin hasken eksire ba, don haka mai ciki da mai shayarwa duk suna yi lahiya lau. Shi ke nuna girman zuciya da ƙofofinta da ƙarfin matsarta, yana cin minti 20 zuwa 40.

Ba a azumi. Ka karya, ka sha maganin hawan jininka yadda ka saba, sai fa in an ce ma na maƙogwaro ne wanda ake zura tiyo ta baki, shi ne ake hana ci kamar awa 6. Kar ka shafa basilin ko wani mai a ƙirji, wayoyin ba su mannewa. Mata a sa riga da zani, banda doguwar riga don sama kawai ake buɗewa, kuma in Hajiya na jin nauyi ta ce a bar ɗiyarta ko wata nas kusa da ita, ba laifi ba ne. Ka zuba duk kwalayen maganin da kake sha a leda ka tahi da su, har na gargajiya ka faɗa, ɓoye ma likita jiƙo kanka kake cuta. Ana yin hoton a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka yi sammako, mai ciwon zuciya da ranar Sakkwato ta watan Afrilu ba su shiri.

In an shiga za a ce ka kwanta gefen hagu, a shafa ma wani ruwa mai yauƙi mai sanyi, a danna kan na'urar tsakanin haƙarƙari, wani lokaci da ɗan ƙarfi, a ce riƙe numfashi. Za ka ji ƙara shuu shuu, jininka ne ke wucewa.

To ga inda nika son a tsaya. A takardar sakamako akwai haruffa biyu, EF, da lamba a gabansu, wato kashi nawa cikin ɗari na jinin da ke cikin babban ɗakin zuciya na hagu take turawa a bugu guda. Mai lahiya yana tsakanin 55 da 70, ƙasa da 40 zuciya ta yi rauni, ga mai jego kuwa in ta gaza 45 kuma ba a ga wani dalili ba shi ne ciwon zuciyar jego. Kar ka hita ba ka ce "Likita, nawa ne lambar, me take nuhi?" ba. Kuma ciwon zuciyar jegon ba baƙo ba ne nan, binciken da likitoci sunka yi a Sakkwato anka buga a 2007 ya samu mace 1 cikin kowace haihuwa 102, ƙasashe kaɗan ne a duniya ke da irin wanga yawa. Farfesa Kamilu Karaye na Kano ma ya daɗe yana bin ciwon, har aikinsu ya nuna alaƙarshi da ƙarancin sinadarin siliniyam a jiki.

Ita ƙanwata wanga ciwon anka samu gare ta, anka ɗora ta kan maganin fitsari don ruwan ya sauka, da wasu na ƙarfafa zuciya, anka ce a rage gishiri da magi, kunun kanwa kuwa a aje shi kwata-kwata don kanwa na tara ruwa a jiki kamar gishiri. Nan munka sha daga da Inna, tana cewa wace irin mai jego ce ba kanwa, sai da likita yac ce mata "Inna, ki yi haƙuri, wagga zuciyar ba ta iya ɗauka" sannan ta sauko. An kuma ja kunnenta kar ta sake ɗaukar ciki sai an maimaita eko an ga zuciya ta dawo, don wasu magungunan irin su lisinopril ba a shan su da ciki.

Bayan wata shida anka maimaita mata, abu na farko da likita ya tambaya shi ne tsohuwar takarda don ya gwada lambobin biyu. Allah ya so na ɗauke ta hoto a waya, don ta asalin yara sun riga sun yi jirgi da ita.