Darasi: Idan Dabbobi Suka Fara Mutuwa, Mutane Su Farga

A farkon shekarun 1950, mutanen Minamata, wani garin masunta a ƙasar Japan, sun ga abin da ba su saba gani ba. Kyanwowi suna tangaɗi, suna zagaya wuri ɗaya, wasu su faɗa teku su mutu. Tsuntsu yana cikin tashi sai ya faɗo ƙasa. Matattun kifaye sun taso saman ruwa. Aka yi ta mamaki, amma aka ci gaba da cin kifi.

A 1956 aka kai wata yarinya asibiti, ba ta iya tafiya, maganarta ta sarƙe. Wasu suka biyo bayanta. Hannuwa da ƙafafu suka daina ji, gani ya ragu, jiki yana karkarwa. Mutane da yawa sun mutu. Har jarirai aka haifa da cutar, alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama mai tsanani ba.

Asalin abin shi ne masana'antar Chisso, wadda take zuba ruwan datti mai ɗauke da zaiba a cikin teku. Sai a 1968 gwamnati ta yarda cewa daga nan cutar take. Shekara 12 ke nan ana jan ƙafa, mutane suna ta cin guba.

Yadda guba take taruwa

Zaibar da ke cikin ruwan ba ta da yawa, to yaya aka yi ta kashe mutane? Ƙananan halittun ruwa ne suke fara ɗaukar ta. Ƙaramin kifi ya ci dubbansu, gubarsu duka ta zauna a jikinsa, domin ba ta fita da sauri. Babban kifi ya ci ƙananan kifaye masu yawa, ya haɗa tasu da tasa. Wanda ya ci babban kifin, kyanwa ce ko tsuntsu ko mutum, shi ne zai kwashi kaso mafi tsoka. Kyanwa ta riga mutum faɗuwa ne saboda jikinta ƙarami ne. Wanke kifin ko dafa shi ba ya cire zaiba.

Haka maganin ƙwari na DDT ya yi wa mikiya a Amurka. Ɓawon ƙwanta ya yi laushi, idan ta kwanta a kai sai ya fashe. Bayan an hana amfani da shi a gonaki a 1972, mikiya ta sake yawa.

Dalma ma guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa. Tana cikin tsohon batirin mota da wasu fentin. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, karatu ya yi masa wuya, a ɗauka daƙiƙanci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantar dalma a jiki tana iya cutarwa.

Abin da za mu yi

Idan kun ga kifi ko tsuntsaye suna mutuwa da yawa a wuri ɗaya, kada ku ci, kada ku ba dabbobi, ku sanar da jami'an lafiya. Kada a wanke mazubin maganin ƙwari a rafi, kada kuma a zuba ruwan sha a cikinsa, ko sau nawa aka ɗauraye shi. Mai aikin batiri ko ƙona zaiba wajen tace zinare ya yi aikinsa nesa da gida, ya yi wanka, ya canza kaya kafin ya ɗauki yaro. Mai ciki ba sai ta daina cin kifi ba, yana da amfani gare ta. Ta zaɓi ƙanana, ta guji manyan da ke cin 'yan'uwansu.

Aikin aji

Me ya sa babban kifi ya fi ƙarami tara guba? Ku rubuta amsa a jimla biyu. Sannan kowa ya duba gidansa, ya rubuta inda ake ajiye maganin ƙwari da tsohon batiri, ya faɗa ko hannun yaro zai iya kaiwa wurin.