Allon ado na katako da rubutun sitika: yadda nake yin nawa

Duk wadda ta ga allon "Barka da zuwa" a falon amarya, ko sunan jariri a kan katako mai launin madara, rubutun idonta yake fara kamawa. Amma a wurin mai yi, rubutun nan shi ne mafi sauƙi, manna shi ba ya cin minti ashirin. Abin da ke raba allon da zai shekara biyar lafiya lau da wanda haruffansa za su fara ɗagowa tun amarya ba ta gama karɓar 'yan ganin ɗaki ba, katakon ne da irin gyaran da ya samu. Daga nan zan fara, kuma a nan zan fi daɗewa.

Ba sai kin sayi falanki guda ba. Ki je wurin kafintan unguwarku ki ce ya duba miki guntayen da suka rage masa, ya yanka miki daidai awon da kike so. Idan aikin da yawa ne, irin na biki, ni 'Yan Katako na Na'ibawa nake zuwa a nan Kano. Wanda na fi so shi ne malaina: fari ne, ba shi da nauyi, fuskarsa tana yin sumul ba da wahala ba. Madaci ya fi shi kyau a ido da ƙarko, sai dai jikinsa yana da ƙananan ramuka, sitika kuwa ba ta kama rami, sai an cike su tukuna. Filawud mai kaurin rabin inci ya ishi allon cikin ɗaki, amma ki sa kafinta ya goge bakinsa sosai don kada ya riƙa tsagewa. Katakon MDF, wanda ake yi da matsattsen garin katako, ya fi kowanne laushin fuska, rubutu yana zama a kansa tsaf, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Ya sha danshin damina sau ɗaya, ya kumbura ke nan, babu gyara. Kada ki kai shi kicin, kada ki kai shi baranda.

Tambaya ɗaya ki yi wa mai sayarwa kafin ciniki: katakon nan ya bushe? Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma in hunturu ya shigo zai bushe a jikin bangonki, ya lanƙwashe ko ya tsage ta tsakiyar rubutun. In kina shakka, ki jingine shi a inuwa inda iska ke wucewa ya yi mako biyu ko uku. Masu son katakon da ake ɗora kaya a kai a kwantena su duba hatimin da ke jikinsa: HT yana nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuma da guba aka turara shi. Mai MB ɗin ki bar shi inda kika gan shi, balle in ɗakin yara za a kai.

Sai guga. Ki fara da samfefa mai lamba 120, in katakon yana da kaushi sosai ki fara da 80, sannan ki ƙarasa da 220. Ki bi tsawon jijiyar katakon, kada ki gitta ta, domin duk layin da kika ja a gicciye fenti zai fito da shi fili. Ki rufe ido ki shafa da tafin hannu, hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Bayan nan ki share ƙurar da tsumma mai ɗan danshi, ki bari ya bushe. Danshin zai sa wasu ƙananan zaruruwa su miƙe, sai ki sake bi da 220 a hankali sau ɗaya.

A wajen launi akwai hanya biyu. Ko ki rufe katakon da fenti, ko ki bar jijiyarsa a gani. In fenti ne, na ruwa ya fi sauƙin sha'ani, shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, ki ɗan goga da samfefa a tsakaninsu. In launin katako kike so, shayi mai kauri da aka dafa ba sukari yana ba malaina launin ƙasa-ƙasa mai kyau, ki shafa sau biyu ko uku har ya kai yadda kike so, sannan ki rufe da banish na ruwa. Abin da ba za ki taɓa shafawa ba shi ne mai: man zaitun, man goge kujeru, man takalmi, kakin zuma. Suna sa katako sheƙi, gaskiya ne, amma gam ba ya kama su har abada.

Yanzu sai jira, wanda shi ne abin da mutane suka fi ƙi. Fenti yana bushewa a hannu cikin awa ɗaya ko biyu, amma cikinsa yana ci gaba da fitar da danshi da tururin sinadari kwana da kwanaki. In kika rufe shi da sitika da wuri, tururin ya rasa hanyar fita, sai ya taru a ƙarƙashin haruffan ya yi ƙuraje, gefuna su saki. Fentin ruwa ki ba shi aƙalla kwana uku, da damina ki ƙara. Fentin mai, mako guda zuwa biyu. Ki kai hancinki kusa da allon, in har kina jin warin fenti, lokaci bai yi ba. Mai biki za ta matsa miki da waya, ki ba ta haƙuri. Shi ya sa nake shafe alluna da yawa lokaci guda in jera su, duk wadda ta zo da gaggawa akwai busasshe a ajiye.

A Amurka, inda sana'ar nan ta yaɗu a tsakanin matan gida, masu yin ta da yawa suna da ƙaramin injin yanka sitika na Cricut ko Silhouette Cameo a kan teburinsu. In kina da hali ki saya, yana da daɗin aiki. In babu, kada ki fasa. Masu yanka sitikar da ake manna wa adaidaita sahu da gilashin shaguna suna da babban injin da ke yin aikin nan daidai, har ya fi. Ki kai musu rubutunki da awon allonki, su tsara a manhajar CorelDRAW su yanka miki. Ki dai tsaya a kansu wajen irin ledar. Akwai mai arha da gam ɗinta ke narkewa da zafin bazara, haruffa su zame su bar baƙin datti a gefe. Ki tambayi Oracal 651, ta kamfanin ORAFOL na Jamus, ita ce mai riƙo na dindindin. 'Yar uwarta 631 ba ta sheƙi kuma an yi ta ne don a iya ɓare ta daga bango, ba ita kike nema wa katako ba. Shekarun da kamfanin ke cewa ledar tana yi a waje, da yanayin tsakiyar Turai aka auna su, ranar Kano ba za ta bar ta ta kai haka ba.

Wajen zaɓen salon rubutu akwai matsalar da ta shafe mu mu kaɗai. Yawancin salon nan masu lanƙwasa da kyau ba su da ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa. Sai ki rubuta "Ɗakin Amarya", kwamfuta ta sako miki harafin farko da wani salo daban, ko ta bar akwati a wurinsa. Wasu masu yanka sai su ce a bar shi "Dakin", ai za a gane. Ni ban yarda ba, abin da za a rataye shekaru ana kallo ya cancanci a rubuta shi daidai. Salon Noto na Google da Andika da Charis duk suna da haruffanmu. In kuma wani salon ne ya shiga ranki, ki ce wa mai kwamfutar ya mayar da rubutun zane, ya kwafi lanƙwasar saman harafin f ya dasa a kan b ko d ko k. Da yake daga jikin salon aka ciro ta, ba mai gane dashe ne. Ki kuma tuna masa ya haɗe haruffan da ke manne da juna su zama yanki ɗaya, in ba haka ba injin zai yanka kowanne daban, ya datse inda suka haɗu. Sirantaccen rubutu da bai kai rabin inci tsayi ba ki guje shi, wahalar tsinta, wato cire ledar da ba a so, kawai zai ba ki.

Rubutun Larabci ko na ajami yana son ƙarin kula. Salon Amiri yana da kyau ga mai son rubutu irin na littafi, Alkalami kuma an zana shi ne a kan salon rubutun hannu na Kano, yana yin kyau ƙwarai a kan katako mai duhu. Kafin a yanka, ki nuna wa malami ya duba, domin wasu manhajojin suna wargaza haruffan ko su juya su. In aya ce ko sunan Allah, ki tambayi mai saye inda za ta rataye, kuma haruffan da suka lalace a yanka ki tattara su daban, kada su shiga kwandon shara.

Tsinta ita ce cire ledar da ba a so a bar haruffan a kan takardarsu. Allura ko tsinken hijabi ya isa. Ki zauna inda haske yake, ki fara daga kusurwa, kina ja kina datse abin da kika ɗago da almakashi don kada ya koma ya manne wa rubutun. Ki sa ido a kan ɗigon i da j, da ɗigogin Larabci, su ne ke bin ledar su tafi ba sallama, kuma ɗigo ɗaya yana canja harafi.

Daga nan ki shimfiɗa ledar ɗauka, wato farar ledar nan mai ɗan gam da masu sitika ke ɗauko rubutu da ita, a kan haruffan, ki murje da tsohon katin ATM. In sabuwa ce gam ɗinta ya yi ƙarfi, ki manna ta a jikin zani sau biyu tukuna, don kada ta ɗago miki fenti. In ba ki samu ba, faffaɗan salatif ɗin takarda na masu fentin mota yana yi.

Ki goge fuskar allon da busasshen tsumma mara gashi. Da hunturu ki rufe taga, ki kashe fanka, ƙwayar ƙura ɗaya tana fitowa kamar dutse a ƙarƙashin leda. Ki ɗora rubutun da takardar bayansa ba ki cire ba, ki auna da rula daga ƙasan haruffan zuwa bakin allon, hagu da dama, ba daga bakin takardar ba, domin ba lallai an yanke ta a miƙe ba. In ya zauna, ki gitta salatif a tsakiyarsa daga sama zuwa ƙasa ya riƙe shi. Ki ɗaga rabin dama, ki ɓare takardar bayan, ki yanke ta, ki kwantar da rubutun kina murzawa da kati daga tsakiya zuwa waje. Ki cire salatif ɗin ki yi wa rabin hagu haka. Sannan ki janye ledar ɗaukar a kwance, kina naɗe ta a kan kanta, ba ki fizge ta sama ba. Harafin da ya biyo ta, ki mayar ki sake murzawa. Kumfar iska ki huda ta da allura ki danne da yatsa. Ɗan ɗumin na'urar busar da gashi daga nesa yana taimaka wa gam ya zauna, amma kada ki matsa kusa, ledar za ta tattare. Ki bar allon kwana biyu kafin ki naɗe shi ko ki ba mai shi.

Ana yawan tambayata ko a shafa banish a kan rubutun. Na cikin ɗaki ba ya buƙata, kuma banish mai ƙarfin sinadari yana iya nannaɗe gefen haruffa. Allon da zai zauna a ƙofar gida ko inda rana ke duka kuwa, ban ma barin ledar a kansa. Ina mayar da ita abin fitar da siffar haruffan ne, in yi rubutun da fenti. Duk wadda ta taɓa yin jan lalle da yankakken salatif ta riga ta san dabarar. Wajen tsinta sai ki cire haruffan ki bar kewayensu, kina kula da 'yan tsibiran da ke cikin a da o da d. Ki manna yadda na faɗa, sannan ki fara shafa launin allon kansa a kan ramukan, siriri. Shi zai toshe duk wata kafa da ke gefen ledar, in ma ya zurara ba a gani tunda launi ɗaya ne. In ya bushe, ki ɗauki guntun soson katifa, ki dangwali launin rubutun kaɗan, ki rage a kan takarda, ki riƙa dannawa daga sama, ba shafawa ba, sau biyu ko uku. Ki ɓare ledar fentin bai gama ƙanƙamewa ba, tsibiran ki ɗago su da allura. Wannan kam bayan kwana uku ki rufe shi da banish, gaba da baya da gefuna, har ƙasan da ruwa ke taruwa.

Wajen ratayewa, ƙaramin allo ki huda ramuka biyu a sama ki zura igiyar rama ko siririyar fata daga wurin dukawa. Mai nauyi ki sa kafinta ya ɗaura masa zobba biyu na ƙarfe a baya, ki kafa kusar kankare biyu, ba ɗaya ba, don kada ya riƙa karkacewa duk lokacin da aka buga ƙofa. In za a share masa ƙura, busasshen tsumma ne ko mai ɗan danshi, a bi tsawon haruffan, ban da kananzir da sabulun wanki.