Yadda matuƙin ƙaramin jirgi zai kula da mai don kada injin ya mutu a sama

Matasanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zongo da ke koyon tuƙin ƙananan jirage sun fi jin tsoron lalacewar injin, alhali sau da yawa injin da ya mutu a sama lafiyarsa ƙalau, mai ne ya daina isa gare shi. Direban trotro idan mansa ya ƙare yana gangarawa gefen titi, amma jirgi mai injin ɗaya ba shi da gefen titi, don haka lissafin mai yana farawa ne tun jirgin yana ƙasa.

Kada ka amince da allurar ma'aunin mai ita kaɗai. Ka hau fiffike, ka buɗe murfin kowane tanki, ka tsoma sandan awo, ka ga adadin da idonka, sannan ka rufe murfin da kyau, domin murfin da bai zauna ba yana barin iska ta zuƙe mai ba ka sani ba. Jirgin Cessna 172S yana ɗaukar galan 56 na Amurka, amma 53 ne kaɗai injin zai iya ja. Galan na Amurka kusan lita 3.8 ne, na Ingila kuwa ya haura lita 4.5, saboda haka ka tabbatar da wane ma'auni mai zuba maka mai yake aiki. A 1983 wani babban jirgin fasinja a Kanada ya rasa injinansa biyu a sama saboda an rikita fam da kilo wajen lissafin mai.

Bayan haka sai ka tsiyayi mai daga kowace mafitar ƙasan tanki a ƙaramin kofi mai haske, ka ɗaga shi sama ka duba. Man 100LL, wato fetur ɗin ƙananan jirage, shuɗi ne, kuma ruwa ya fi shi nauyi, don haka zai taru a gindin kofin kamar ƙananan ƙwallaye. Ka ci gaba da tsiyayewa har ruwan ya ƙare. A ganina wannan matakin ya fi muhimmanci a Accra fiye da ƙasashe masu bushewar iska, domin laimar bakin teku tana zama raɓa a cikin tankin da ya kwana rabi. Man da aka ajiye a duro kuwa sai an tace shi kafin ya shiga jirgi. Idan man ya fito ba launi, yana warin kananzir, kada ka tashi, mai yiwuwa Jet A-1, man jirage masu injin jet, aka zuba, kuma injin fistan irin na ƙananan jirage ba ya jure shi.

Ka ɗauki mai a matsayin lokaci. Jirgi irin Cessna 172S yana shan galan 8 zuwa 10 a awa, gwargwadon tsayi da yadda aka daidaita cakuɗar mai da iska. Ka rubuta lokacin da ka tayar da injin, da lokacin da dole ka kasance a ƙasa. Mafi ƙarancin rarar man da aka saba gindayawa ita ce minti 30 da rana, 45 da dare, amma ni ina ba da shawarar awa guda. Daga Accra zuwa Kumasi kusan kilomita 200 ne ta sama, tafiya gajera, sai dai a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo na iya rufe fili har ka yi ta kewaye ko ka juya, kuma iskar da ke bugo ka ta gaba tana ƙara lokaci ba tare da ta ƙara maka mai ba.

Akwai kuma injin da ke mutuwa alhali mai na cikin jirgi. Cessna 172 na iya jan mai daga tankuna biyu lokaci guda, amma Piper PA-28 sai dai hagu ko dama, don haka ka riƙa sauya tanki kowane rabin awa, ka kunna famfon lantarki kafin sauyawa, kuma ka yi hakan inda akwai tsayi a ƙarƙashinka. A injin mai kafireta, ƙanƙara na iya toshe maƙogwaronta ko da ana zafi, muddin iska na da laima, musamman lokacin da aka rage wuta don sauka.

Idan injin ya fara tari ko ya tsaya, ka fara riƙe gudun lilo mafi dacewa, wato gudun da jirgi zai fi yin nisa ba injin, wanda a 172S not 68 ne a ma'aunin gudun jirgi, ka zaɓi wurin sauka, sannan ka sauya tanki, ka kunna famfo, ka tura cakuɗa gaba, ka buɗe ɗumin kafireta idan jirgin na da ita. Tun kafin a kai nan, da zarar lissafinka ya nuna za ka taɓa rarar, ka sauka a fili mafi kusa, ka faɗa wa hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage halin da kake ciki ba tare da jin kunya ba, domin sai sun sani za su ba ka hanya gaban sauran jirage.