Shawara ga iyayen da kuɗin makaranta ya yi wa nauyi

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Duk wanda ya sa yaro a makarantar kuɗi a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ya san cewa zangon farko yana kamawa ne a watan Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani kuma bai gama shigowa gida ba. Shawarata ita ce kada a jira sai an koro yaro gida, domin babu abin da ke karya masa zuciya kamar a kira sunansa gaban 'yan ajinsu a ce ya ɗauki jakarsa.

Tun kafin a dawo daga hutu, uba ko mariƙi ya je ya sami mai makarantar da kansa, ya bayyana halin da yake ciki, ya nemi a raba masa biyan kashi-kashi ko a ɗaga masa zuwa kaka. Ya kuma tambaya ko akwai ragin da ake yi wa marayu, ko mai yara fiye da ɗaya, domin ba kasafai ake shelanta irin wannan sauƙi ba. Takardar shaida daga mai unguwa ko liman tana ƙarfafa magana ƙwarai.

Idan ya zama bashi, a tuna cewa matalauta da waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum 8 da zakka ta halatta gare su, don haka a sanar da liman kafin manoma su fitar da ta hatsi. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta shi, a kuma karɓi rasit a kowane biya.